Filin Tambaya da Amsa: Idan Uwa ko Uba Ya Samu Taɓin Hankali, Ina Makomar Yara?

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu guda suka haɗu, wato halin da yara ke shiga idan mahaifi ko mahaifiya ta kamu da ciwon ƙwaƙwalwa, da abin da dokar Nijar ta ce a kai. Ma'aikatan lafiya da na shari'a da na kare yara ne suka haɗa kai wajen amsawa. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Matar ƙanena ta haihu yau kwana goma sha biyu, haihuwar fari. Tun bayan suna ba ta barci, sai surutu ita kaɗai, tana cewa an musanya mata jariri. Shekaranjiya muka tarar ta ajiye shi a tsakar gida cikin rana, ta shige ɗaki ta kulle. Mijin yana can arewa wajen haƙar zinariya. Innarmu ta ce iska ce, a kai ta wurin malam. Wata maƙwabciya kuma ta ce za ta kai ƙara kwamisariya. Shin za a kulle ta? Za a ƙwace yaron? Daga gwaggon jariri, Garin Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam, Gwaggo. Kafin a zo maganar kwamisariya, ku kai ta likita yau ɗin nan. Rashin barci kwana da kwanaki, surutu, da ƙin yarda cewa jaririn nata ne, alamu ne na ruɗewar hankali ta bayan haihuwa. Tana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, kuma galibi cikin mako biyun farko take tasowa. Ta sha bamban da 'yar ƙuncin rai da kukan da mai jego kan yi wajen kwana na uku zuwa na biyar, wanda ke wucewa da kansa. Wannan lallashi ba ya kawar da ita, kuma a cikinta ne uwa ke iya cutar da kanta ko ɗanta ba da saninta ba. Abin farin ciki, tana jin magani ƙwarai, mafi yawan mata suna dawowa garau su ci gaba da renon 'ya'yansu.

Ku nufi babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ku nemi a auna zafin jikinta da hawan jini, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin ciwon mahaifa bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani ko hawan jini su ma suna ruɗa mai jego, kuma maganinsu daban ne. Ku tafi da karnen awon cikinta da duk abin da aka ba ta ta sha, har da jiƙo da rubutu. Manya biyu su raka ta, ɗaya ya zama wanda ta fi yarda da shi. Idan ta ƙi fita kuma kun ga tana neman yi wa kanta ko jaririn lahani, ku kira 17, lambar 'yan sanda, ko 18, lambar 'yan kwana-kwana.

A gida, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na tsawon ɗora tukunya. Ku raba kwana tsakaninku, wata ta yi dare wata ta yi rana, domin mutum ɗaya ba zai iya ba, barci zai sace shi a dare na biyu. Ku ɗauke wuƙa da reza da igiya da maganin ƙwari da na ɓera, ku rufe rijiya da randa. Tukunyar ruwan wankan jego da ke tafasa a tsakar gida ita ce abin da aka fi mantawa da shi: wata ce za ta dafa, ta sirka, ta tsaya a kai har a gama. Jaririn ya kwana wurin wata, musamman idan an fara ba uwar maganin da ke sa barci mai nauyi. A kawo mata shi ta ba shi nono a gaban mutum, sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana, muddin likita bai hana ba. Idan ta ƙi, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta. Kada a ba shi ruwa ko madarar shanu. In kun ga yana jiƙa zane ƙasa da sau shida a yini, ko ya yi laushi ba ya kama nono, shi ma ya zama na likita. Idan wata 'yar'uwa ce za ta shayar da shi, a fara gwada jininta, sannan a rubuta a ajiye, domin a mazhabar Malikiyya tsotso ɗaya da ya kai ciki kafin yaye yana haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta.

Ku faɗa wa Inna cikin ladabi cewa babu mai hana addu'a. Malam yana iya zuwa gida ko asibiti ya yi mata. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari a ƙafa, da bulala, da turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki. Duka da ɗauri laifi ne a doka ko da niyyar magani aka yi su, kuma kowane kwana da aka ɓata a can ciwon ƙara kama jiki yake.

To, doka. Ƙofa biyu ce, mutane kuma suna yawan haɗa su. Ta farko ita ce ta hukunta laifi. Dokar laifuka ta Nijar tana hukunta wanda ya yasar da yaron da ba ya iya kare kansa, da wanda ya hana yaro abinci ko kulawa da gangan har lafiyarsa ta taɓu. Amma dokar nan dai ta ce babu laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe a lokacin da ya aikata abin, daidai da hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku, cikinsu har da wanda ya rasa hankali sai ya farfaɗo. Alƙali ba da faɗar dangi yake gane haka ba, da rahoton likita yake ganewa. Saboda haka takardar asibiti mai ɗauke da kwanan wata ita ce babbar garkuwarta, ku karɓa ku adana. Waɗanda doka za ta iya tambaya su ne masu lafiya da suka ga jariri cikin haɗari suka zuba ido, domin ƙin agaza wa wanda ke cikin haɗari shi ma laifi ne. Ku kira mijin ya dawo, ko ya aiko da kuɗin magani ya kuma faɗi a fili wa ya wakilta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta alƙalin yara, wanda dokar 20 ga Nuwamba 2014 ta tsara aikinsa. A wannan fannin ba hukunta kowa yake yi ba. Tambayarsa ita ce ko lafiyar yaro ko tsaronsa ko tarbiyyarsa na cikin haɗari. Idan ya tarar uwa tana shan magani, gwaggo da kaka suna tsaye a kan jariri, yaron yana ƙara nauyi a awo, ba shi da dalilin raba shi da gida. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, wadda ta ce ba a raba yaro da iyayensa sai idan maslaharsa ta tilasta.

Maƙwabciyar nan kada ku ɗauke ta abokiyar gaba, ta ga abin da ya tsorata ta ne. Ku gaya mata an je likita. Sannan cikin wannan ruɗani kada a manta da yi wa jaririn takardar haihuwa. Doka ta ba da kwana 60, in ya wuce sai an bi ta kotu.

Tambaya: Na saki matata wata takwas da suka wuce saboda ciwon da ke tasar mata lokaci zuwa lokaci. 'Ya'yanmu biyu, mace mai shekara shida da namiji mai shekara biyu. Tana gidansu a Magarya, surukata ta hana ni yaran. An ce mini mai taɓin hankali ba ta da haƙƙin riƙo. Zan iya zuwa in ɗauko abina? Daga wani magidanci, Mirya.

Amsa: Malam, kada ka je ka ɗauko su da ƙarfi ko da dabara. Yin haka zai tayar wa yaran hankali, yana iya tayar wa uwarsu da ciwo, kuma shi ne abu na farko da za a karanta maka in an je gaban alƙali.

Wanda ya gaya maka wancan zance rabin magana ya faɗa. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun sa hankali cikin sharuɗan mai reno. Amma idan renon ya faɗi daga hannun uwa, ba wurin uba yake fara zuwa ba. Kakar yara ta wajen uwa ce ke biye, sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. Ke nan a wannan lissafi surukarka tana gabanka. Haka kuma idan ciwo ne ya hana uwa reno, haƙƙin yana komawa gare ta in ta warke. A al'adar gari kuwa an saba uba ya karɓi yaro bayan yaye ko in ya kai shekara bakwai. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda, don haka a maganar aure da saki da riƙon yara kotu al'adar masu shari'a take bi, tare da mashawarta masana al'ada da ke zama kusa da alƙali, amma da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa dokar ƙasa da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su. Abin da ke yanke magana a ƙarshe shi ne maslahar yaran.

Ga irin abin da za a duba. Sau nawa ciwon ke tashi, kuma yaushe ya tashi na ƙarshe? Tana zuwa ganin likita, tana shan magani? Idan ya tashi, wa ke dafa wa yaran abinci, wa ke kwana da su? Yarinyar tana zuwa lakwal? An yi wa ƙaramin allurar rigakafi? A naka ɓangaren kuma, in an ba ka su, hannun wa za su shiga da rana in ka fita nema? Idan amsar ita ce matar da ka aura bayanta, za a so a san ko ta yarda da zuciya ɗaya. Macen da ciwonta ke kwance shekara guda, uwarta na kusa da ita, tana iya fin uba mai lafiya da ba ya wuni a gida dacewa da riƙon ɗan shekara biyu.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ita ce kuma za a fara yi maka: cikin watanni takwas ɗin nan me ka aika? Ci da sha da tufa da maganin yara a wuyan uba suke duk inda yaran ke zaune, a addini da a doka. Idan ba ka aika ba, ka fara daga wannan watan, ka riƙa ajiye rasidin kamfanin aika kuɗi, in hatsi ne a kai a gaban shaida.

Ka fara da sulhu. Mai unguwa ko mai gari ko sarki suna da hurumin sasanta irin wannan, kuma ana rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. Ka nemi a rubuta kwanakin da za ka riƙa ganin yaran, da hutun lakwal da babbar za ta yi a wurinka, da abin da za a yi in ciwon ya tashi. In sulhu ya gagara sai kotu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011, wadda ke da rassa a manyan kotunan jihohi, ana ba da bayani kyauta. Wanda hukunci bai yi masa ba yana da damar ɗaukaka ƙara, amma wa'adin gajere ne, a tambayi magatakardan kotu tun ranar da aka yanke.

Idan kuwa kana da hujjar cewa yaran suna cikin haɗari yanzu, misali ana barin su da yunwa ko ana dukansu, wannan ba ta jiran shari'ar riƙo. Ka sanar da ma'aikatan kare yara na Magarya nan take.

Tambaya: Ni malamar lakwal ce. Akwai ɗalibata 'yar shekara tara da ke barci a aji, kayanta guda ne tun farkon shekara, wani lokaci ta zo da ƙanenta ɗan shekara uku ta zaunar da shi a bakin ƙofa. Uwarsu ta rasu bara. Uban a da ɗan kabu-kabu ne, yanzu an ce ba ya fita ɗaki, ba ya magana da kowa, wasu sun ce tramol yake sha. Ina tsoron in kai magana a ce na tona asirin gida. Me zan yi? Daga Kara-Kara.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika lura. Yarinyar da ke goyon ƙanenta zuwa aji ita ce ke riƙe da gidan, kuma wannan kaya ya fi ƙarfin shekara tara.

Ki fara da rubutu. Ki samu littafi ki riƙa sa kwanan wata da abin da idonki ya gani kawai: ranar kaza ta zo ba ta karya ba, ranar kaza ta yi barci daga ƙarfe tara zuwa tashi, ranar kaza ta zo da yaron da gudawa a wandonsa. Kada ki rubuta cewa uban mahaukaci ne ko ɗan ƙwaya ne, ba ki gani ba, kuma irin wannan kalma ce ke rufe ƙofar gida. Ki sanar da daraktan makaranta. Ki zauna da yarinyar ku biyu, ki tambaye ta a hankali wa ke dafa abinci, me suka ci jiya, wa ke kwana da su. Ki bar ta ta faɗa da bakinta, kada ki sa mata amsa. Kada kuma ki yi mata alkawarin ba za ki gaya wa kowa ba. Ki ce mata za ki faɗa wa wanda zai taimaka ne kawai.

Ƙaramin ya fi gaggawa. A kai shi CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mafi kusa a auna damtsensa da zaren awo. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani. Tsakanin 115 da 125 matsakaiciya ce. Tun 2006 dokar ƙasa ta sa kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitocin gwamnati.

Sai ki kai maganar cibiyar kare yara da ake kira CEPPP, ko ofishin jiha mai kula da kare yara, ko sashen 'yan sanda mai kula da ƙananan yara. Ba sai kina da dangantaka da su ba, kuma kina iya roƙon kada a ambaci sunanki ga iyalin. Abin da ke biyo baya shi ne ma'aikacin jin daɗin jama'a ya ziyarci gidan, yawanci tare da mai unguwa, ya ga ɗakin da tukunya da wurin kwana, ya nemo dangin uwa da na uba, ya rubuta rahoto. Da yawa a nan ake warware matsalar. Idan ta fi haka, rahoton ya je wa mai gabatar da ƙara na gwamnati ko alƙalin yara. Alƙalin yana iya barin yaran a gida a sa ma'aikaci ya riƙa bibiya, ko ya damƙa su na ɗan lokaci ga wani dangi ko amintaccen mutum, cibiyar riƙon yara kuwa ita ce zaɓin ƙarshe. Matakin yana sauyuwa in hali ya sauya, kuma uban bai daina zama uba ba.

Talauci shi kaɗai ba sakaci ba ne. Gida nawa ne a Damagaram ake kwana da kunu amma akwai babba da ke tashi cikin dare in yaro ya yi kuka? Abin da ya sa wannan gidan ya zama na damuwa shi ne babu babban da ke tsaye.

Inda abin ke lalacewa kuwa shi ne wajen taron dangi. Sai a ce wane ya ɗauki mace, wane ya ɗauki namiji. Macen ta koma 'yar aiki ko 'yar talla a gidan da aka kai ta, a cire ta daga lakwal, shekara kaɗan a fara maganar aure. Namijin da ya ɗan tasa a tura shi almajiranci wani gari. Yaran da suka rasa uwa bara bai kamata su rasa juna bana ba. Ki roƙi ma'aikacin ya sa a rubuce cewa za a bar su tare, kuma yarinyar za ta ci gaba da karatu. In za a samu wata inna ko kaka ta dawo gidan ta zauna da su, ya fi a kwashe su.

Uban ma marar lafiya ne mai bukatar a kai shi likita. Wanda ya rufe kansa a ɗaki wata da watanni bayan rasuwar matarsa, ciwon damuwa mai tsanani ake fara zato. Idan da tramol a ciki, yana iya jawo farfaɗiya, kuma yanke shi rana ɗaya yana kawo ciwon jiki da zufa da rashin barci, shi ya sa ake rage shi a hankali a hannun likita. Wani aboki ko ɗan'uwa da yake jin nauyinsa ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Tambaya: Shekara biyu ina shan maganin ƙwaƙwalwa, na samu sauƙi sosai. Yanzu ina da ciki wata biyu, sai na daina sha don kada ya taɓa cikin. Ban gaya wa likita ba, domin ina tsoron a rubuta cewa ban iya riƙon 'ya'yana uku. Kwana huɗu ke nan barcina ya ragu. Daga wata uwa, Sabon Gari.

Amsa: 'Yar'uwa, ki koma wurin likitanki cikin wannan makon, ki tafi da kwalin maganin a hannu. Raguwar barci ita ce alamar farko da ciwon ke bayarwa kafin ya dawo, kin kuma yi kyau da kika gane ta.

Ki kwantar da hankalinki game da 'ya'yanki. Likita yana ƙarƙashin dokar riƙe sirrin marar lafiya, kuma zuwa asibiti ba ya buɗe wa kowa shari'a. Ko da wata rana wani ya kai ƙararki, karnen da ke nuna kina zuwa a kan lokaci shaida ce a gare ki. Abin da ke jawo a raba uwa da yara shi ne ciwon da aka ɓoye har ya fashe.

Magungunan ba ɗaya suke ba wajen ciki. Valproate, wanda aka fi sani da Dépakine, yana da haɗari babba ga ɗan tayi, yana iya taɓa ƙashin baya da ƙwaƙwalwarsa, carbamazepine ma tana da nata haɗarin. Idan ɗayansu kike sha, likita zai duba abin da zai maye gurbinsa. Wasu kuwa irin su haloperidol ana iya ci gaba da su a mafi ƙarancin adadin da ke riƙe ciwon. Wannan hukunci na likita ne, kada mai kanti ko maƙwabciya su yanke miki. Ki kuma gaya wa ungozomar da ke miki awo, ta ba ki ƙwayar ƙarin jini mai folik asid. Macen da ta taɓa irin wannan ciwo tana cikin haɗarin dawowarsa a makonnin farko bayan haihuwa, saboda haka shirin jego tun yanzu ake yinsa.

Ki zauna da maigida da wata babba da kika yarda da ita, ku rubuta a takarda guda: alamominki na farko, sunan magani da adadinsa, lambar wanda za a kira, wa zai ɗauki yara zuwa lakwal, wa zai dafa, wa zai kwana da jariri a mako shidan farko domin ki samu barci mai tsawo ba yankewa. Ki faɗa musu da bakinki yanzu da kike lafiya cewa in sun ga alamun su kai ki likita ko da kin ƙi a lokacin. Yaranki manya kuma a gaya musu daidai hankalinsu cewa Inna tana da ciwo, tana shan magani, ba su suka jawo ba. Yaron da ba a gaya masa komai ba yakan ɗora wa kansa laifi.

Abu uku ke sa mutane su bar magani. Na farko jin sauƙi, alhali bayan tashin farko na ruɗewar hankali ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan alamu sun kwanta, maganin damuwa kuma wata tara zuwa goma sha biyu, shi ma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsa. Na biyu illa, kamar sanƙarewar wuya da rawar hannu da dalalar miyau, waɗanda ake gyarawa da rage adadi ko ƙara wani magani. Na uku kuɗi: ki tambayi likita ya rubuta miki da sunan asalin maganin, ya fi mai sunan kamfani araha. Ga mai yawan mantuwa akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako huɗu, ki tambaya ko ta dace da ke.

Ki kulle maganin a akwati, kada ki bar shi a ƙarƙashin matashi ko cikin kwanon jere. Ƙwayoyi kaɗan na amitriptyline sun isa su tsayar da zuciyar ƙaramin yaro.

Tambaya: Akwai wata mata da ke yawo a Kasuwar Dole da yaro a bayanta, da gani ba ta cikin hankalinta. Muna ba ta abinci. Wasu sun ce a fizge yaron a ba wata ta riƙe. Ya halatta? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, bai halatta ba. Babu wanda ke da ikon ɗauke yaro daga uwarsa ya ba wani sai hukuma, wanda ya yi kuwa yana iya fuskantar tuhumar satar yaro komai kyan niyyarsa. Fizgewar kanta haɗari ce, domin uwar za ta yi kokawa da duk ƙarfinta, yaron kuma yana ɗaure a bayanta.

Ku ci gaba da ba ta abinci, amma mutum ɗaya ko biyu su zama su ne ke kai mata kullum, mace ta fi, har ta saba da fuskarsu. A hankali a ji sunanta da garinsu, ko yaren da take yi da tsagen fuskarta su nuna inda ta fito. Sau da yawa akwai dangin da ke nemanta a wani ƙauye, sanarwa a gidan rediyo ko ta bakin direbobin tasha tana kai musu labari. Ku lura da inda take kwana, domin mace a wannan hali maza marasa imani suna cin zarafinta da dare. Ku hana yara jifanta.

Sarkin kasuwa ko mai unguwa ya sanar da sashen 'yan sanda na ƙananan yara da ma'aikatan CEPPP, ku gaya musu wurin da take zama da lokacin da ta fi natsuwa. Ku roƙa a kai su asibiti tare, ita a fara mata magani, shi a auna shi a duba rigakafinsa, alƙalin yara kuma ya faɗi wanda zai riƙe shi kafin ta samu sauƙi. Idan kun ga yaron ya daina kuka, idanunsa sun faɗa, kansa yana lilo a bayanta, ko jikinsa ya yi zafi rau, ku kira 18 a lokacin, wani ya tsaya kusa da ita yana mata magana a hankali har su iso.